Jirgin Ƙasa A Ƙetare: Tun Ana Gida Ake Yankar Tikiti

Duk wanda ya saba tafiya daga Jangebe zuwa Talata Mafara, ko daga Bakura da Maradun zuwa Gusau ko Sakkwato, ya san dokar tashar mota ba sai an karanta masa ba. Mota ba ta tashi sai ta cika. Gidan gaba na wanda ya riga zuwa ne, ko wanda ya san ɗan kamasho. Kuɗin mota a hannu ake biya, in kuma kaya sun yi yawa akwai ciniki. Idan fasinja ya makara bai yi asarar kome ba illa lokaci, domin wata motar tana kan layi tana jiran lodi.

Wannan tsari ya daɗe yana biya mana bukata, kuma ba shi da laifi a inda aka san shi. Abin da ya sa muka ɗauko maganarsa shi ne, mutanenmu da dama sukan tafi da shi ƙasashen waje, su tsaya da shi a bakin tagar sayar da tikitin jirgin ƙasa, alhali kuwa a can ba ya ci. A Saudiyya da Ingila da Indiya da Sin, kujerar jirgin doguwar tafiya akan sayar da ita ne tun kwanaki ko makonni kafin ranar tashi, da lambarta da lokacinta, a wasu ƙasashen ma har da sunan mai ita. Wanda ya bari sai ya isa tasha sa'an nan ya nemi tikiti, ko dai ya rasa, ko ya biya da tsada. Tun da yake a kowace shekara akwai masu zuwa Umra da ma'aikatan da ake turawa kwas da ɗalibai masu zuwa ƙaro ilmi daga wannan yanki, ya kamata a yi bayanin lamarin filla-filla.

JIRGI BA BAƘONMU BA NE

Mutanen ƙasar Zamfara sun san jirgin ƙasa tun zamanin kakanni. Hanyar dogo ta isa Kano a 1911, daga baya aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya dire a Ƙaura Namoda a 1929. Ta nan gyaɗa da auduga da fatun wannan ƙasa suka riƙa sauka zuwa bakin teku. Amma jirgin wancan zamani ɗan'uwan motar haya ne wajen ɗabi'a: mutum ya zo tasha da kayansa, ya yanki tikiti a taga, ya shiga tarago ya nemi wurin zama, in bai samu ba ya zauna a kan ƙunshinsa.

Haka nan alhazan dauri da suka bi ta ƙasa, ta Barno da Chadi zuwa Sudan, sun san daɗin jirgi. Tun wajen 1912 dogo ya isa birnin Al-Ubayyid, daga nan mai hali yakan hau zuwa gaɓar Bahar Maliya, ya tsallaka Jidda ta jirgin ruwa. Wanda guzurinsa ya ƙare kuwa sai ya tsaya ya yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira, wani har shekaru, kafin ya tara kuɗin ci gaba. A waccan tafiya ba a tambayar ranar isa, balle sa'a. A yau kuwa mai Umra kwanakinsa ƙidayayyu ne, ɗakin da ya kama a masauki an biya shi dare-dare, jirgin saman da zai komo da shi kuma yana da rana. Saboda haka yini guda da ya salwanta a tasha babbar asara ce.

JIRGIN MAKKA DA MADINA

Jirgin da mutanenmu suka fi cin karo da shi a ƙetare shi ne na Haramaini, wanda ya haɗa Makka da Madina. Ba shi ne jirgi na farko da ya shiga Madina ba, domin a 1908 Daular Usmaniyya ta kai dogo can daga Dimashƙu, sai dai ya lalace a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sarki Salman ya ƙaddamar da sabon a watan Satumba na 2018, ya kuma fara ɗaukar fasinja ranar 11 ga Oktoba na shekarar. Tsawon hanyar kimanin kilomita 450 ne, gudun jirgin yana kai kilomita 300 a sa'a guda, kuma tafiyar da kan ci wa motar safa sa'a biyar ko fiye, shi yakan yanke ta cikin kimanin sa'a biyu da rabi.

Tashoshinsa biyar ne: ta Makka a unguwar Rusaifa, ta Sulaimaniyya a cikin garin Jidda, ta filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, ta birnin tattalin arziki na Sarki Abdullahi kusa da Rabig, sai ta Madina. Wani kamfanin ƙasar Sifen mai suna Talgo ne ya ƙera jiragen, guda 35, kowanne da kujeru 417, an raba su aji biyu, na kowa da kowa da na masu hali.

A nan ne gizo yake saƙar. Kujera 417 ita ce 417. Ba a tsayuwa, ba a yin goyo, ba a cewa a matsa a ba bawan Allah wuri. Kowane tikiti yana ɗauke da lambar tarago da lambar kujera da lokacin tashi, kuma da bayanin fasfon mai shi ake yankarsa. A watan azumin 1446, watau 2025, hukumar jiragen ƙasan Saudiyya ta ba da sanarwar tanadin kujeru kimanin miliyan 1.6 a tafiye-tafiye fiye da 3,400. Adadin yana da yawa a ido, amma masu Umra a wannan wata miliyoyi ne, kuma yawancinsu lokaci ɗaya suke so, musamman a goman ƙarshe da kwanakin sallah. Kujerun masu sauƙin kuɗi su ne kan fara ƙarewa. Dattijon da ya zo da iyalinsa su biyar ba tare da tikiti ba, zai iya samun kujera ɗaya a wannan jirgi, biyu a wancan, ko kuwa a ce masa sai gobe.

Ana sayar da tikitin ta shafin intanet na jirgin da manhajarsa ta wayar hannu, ana kuma sayarwa a tasha idan akwai saura. Watau mutum yana zaune a Talata Mafara zai iya kama kujerarsa daga Madina zuwa Makka, tikitin ya shigo masa a waya.

ABUBUWAN LURA KAFIN A BIYA

Na farko, tasha. Jidda tana da tashoshi biyu, kuma akwai tazara tsakaninsu. Ta filin jirgin sama tana haɗe ne da sabon ginin saukar fasinja mai lamba 1, kuma ba kowane jirgin da ya taso daga Nijeriya ne yake sauke mutanensa a wannan gini ba. Sai matafiyi ya tambayi kamfanin jirginsa inda za a sauke shi, ya lissafa lokacin da zai ci kafin ya kai tasha. Haka kuma tashar Makka da ta Madina ba a bakin Harami suke ba, akwai 'yan kilomitoci da sai an shiga mota.

Na biyu, lokaci. Agogon Saudiyya yana gaban namu da sa'a biyu, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti na can ne. Yawanci da lissafin sa'a 24 ake rubutawa: 05:00 ƙarfe biyar ne na asuba, 17:00 kuma biyar na yamma. Ana rufe ƙofar shiga kafin lokacin tashi, kuma akwai binciken kaya kamar na filin jirgin sama, don haka sai a isa da wuri.

Na uku, kaya. Abin da aka yarda fasinja ya shiga da shi shi ne akwati guda wadda ba ta wuce kilo 25 ba, da 'yar jakar hannu. Mai dawowa da tsarabar dabino da darduma da jallabiyoyi buhu-buhu ya san wannan tun kafin ya yanki tikiti, kada ya je bakin ƙofa a tsayar da shi.

Na huɗu, harami. Wanda ya taso daga Madina da nufin Umra, miƙatinsa Zul-Hulaifa ne, inda ake kira Abyar Ali. Motar safa takan tsaya a nan a yi wanka a ɗaura harami, amma jirgin ƙasa ba ya tsayawa. Saboda haka wasu sukan fara zuwa miƙatin a mota sa'an nan su wuce tasha, wasu kuma su ɗaura haraminsu tun a masauki su yi niyya idan jirgi ya zo daidai da miƙati. Wannan magana ce ta malamai, kuma tun a gida ya kamata a tambaye su, domin jirgin da ke gudun kilomita 300 a sa'a ba ya ba mutum damar dogon tunani.

Na biyar, a bambanta Umra da Hajji. Maniyyacin da ya biya kuɗin kujera ta hannun hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, sufurinsa tsakanin Jidda da Madina da Makka yana cikin abin da ya biya, kuma tafiyar rukuni-rukuni ake yi a ƙarƙashin tsarin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006. Bai kamata ya ware ya yanki tikitin kansa ba tare da sanin jami'ai ba. Haka ma jirgin Masha'ir da aka buɗe a 2010, mai tsawon kimanin kilomita 18 da tashoshi tara tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa: shigarsa a kwanakin Hajji bisa tsarin da aka yi wa kowane rukunin alhazai take tafiya. Mai Umra ta hannun kamfanin 'yan jirgin yawo shi ma ya tambaya ko kuɗin da ya biya ya haɗa da sufuri, don kada ya biya sau biyu.

SAURI YA HAIFI NAWA

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da zarar ya yi niyyar tafiya sai ya garzaya ya yanki tikitin jirgin ƙasa. Yankar tikiti da wuri yana da nasa haɗarin, musamman ga ɗan Nijeriya. Biza takan yi jinkiri. Jirgin sama yakan ɗage tashi da sa'o'i, wani lokaci da kwana. Ranar sallah kuwa sai an ga wata. A ƙasashe da yawa tikiti mai araha a ɗaure yake da jirgi guda, idan ya tashi ya bar ka kuɗinka sun tafi.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bi abin daki-daki. A fara samun biza a hannu. Sa'an nan a tabbatar da ranar jirgin sama da masauki. Bayan haka a yanki tikitin jirgin ƙasa ba tare da ɓata lokaci ba. Tafiyar da za a yi a ranar da aka sauka daga jirgin sama ita ce mai hatsari, don haka a bar tazarar sa'o'i masu yawa saboda layin jami'an shige da fice da jiran kaya, ko kuwa a sayi tikitin da ake iya canzawa ko da ya ɗan fi tsada. Tafiyar da ke tsakiyar zama, kamar daga Madina zuwa Makka bayan an yi kwanaki ana ziyara, ita ce wadda za a kama tun da wuri hankali kwance. Kafin a biya kuma a karanta sharuɗɗan mayar da kuɗi da na canji. Araha ba ta ado idan ta zo da sharaɗin da mutum ba zai iya cikawa ba.

KOWACE ƘASA DA NATA TSARIN

Ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Ingila zai tarar da tikiti iri-iri a kan hanya ɗaya. Akwai wanda ake kira Advance, wanda akan fara sayarwa kimanin mako 12 kafin ranar tafiya. Shi ne mafi araha, adadinsa ƙayyadadde ne, kuɗinsa yana hawa yayin da rana ke matsowa, kuma a jirgin da aka rubuta kaɗai yake aiki. Akwai Anytime, wanda ake hawa kowane jirgi da shi, amma kuɗinsa kan ninka na farkon. Har ila yau akwai katin rangwame na matasa 'yan shekara 16 zuwa 25, wanda ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, kuma ɗalibin da ya wuce waɗannan shekaru yana iya samunsa muddin karatu ne aikinsa na cikakken lokaci. A sani kuma London ba tasha ɗaya gare ta ba: mai zuwa Manchester ko Liverpool daga Euston zai tashi, mai zuwa Leeds ko Newcastle daga King's Cross, mai zuwa Bristol ko Cardiff kuwa daga Paddington.

A Indiya, inda mutanenmu ke zuwa karatu da neman magani, daga 1 ga Nuwamba 2024 an rage wa'adin kama kujera daga kwana 120 zuwa kwana 60 kafin tafiya. Babban abin da ke ruɗa baƙo a can shi ne jerin masu jiran gurbi. Ana iya karɓar kuɗinka a ba ka tikiti alhali ba ka da kujera, sai in wani ya fasa. Idan ta intanet ka saya kuma gurbin bai samu ba har aka fitar da jerin fasinjoji, tikitin ya mutu, za a mayar maka da kuɗinka, amma ba ka da izinin hawa. Akwai wasu 'yan kujeru na gaggawa da ake kira Tatkal, waɗanda ake buɗewa ana gobe tafiya da ƙarin kuɗi, sai dai rububinsu ake yi. Mai jinya da ke da ranar ganin likita kada ya dogara da su.

A ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu ke zirga-zirga tsakanin Guangzhou da Yiwu, kwana 15 kafin tafiya ake fara sayar da tikiti, ta shafin hukumar jiragen ƙasa mai suna 12306. Da lambar fasfo ake saye, kuma fasfon ne ake nunawa a ƙofa. Harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin sunan da ke tikiti da na fasfo yana iya hana mutum shiga. Wannan abin lura ne gare mu ƙwarai, da yake mutum guda yakan rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Muhammadu a wata. A kwafi sunan yadda yake a fasfo, harafi da harafi. A kuma guji lokacin bikin sabuwar shekararsu, tsakanin Janairu da Fabrairu, sa'ad da ɗaruruwan miliyoyin mutane ke komawa garuruwansu.

MAGANAR BIYAN KUƊI

Sayen tikiti daga nesa yana bukatar katin banki da ke aiki a ƙasashen waje, kuma wannan ya ba mutanenmu wahala. A 2022 bankunan Nijeriya da dama sun tsayar da amfani da katin naira wajen sayayya a ƙetare saboda ƙarancin dala. A watan Yuli na 2025 wasu daga cikinsu suka dawo da shi, tare da iyakance abin da mutum zai iya kashewa. Don haka matafiyi ya je bankinsa a Talata Mafara ko Gusau ya tambaya tun da sauran lokaci, ko ya tanadi katin asusun dala.

Wanda ba shi da kati ko bai iya aiki da manhaja ba, ya nemi amintacce ya saya masa, amma ya tabbata sunansa da lambar fasfonsa ne a kan tikitin. A yi hattara da shafunan 'yan baranda masu kama da na hukuma, waɗanda ke ɗora riba mai yawa, da kuma masu tare baƙi a bakin tasha suna cewa suna da hanya. Idan an saya, a buga tikitin a takarda a haɗa da fasfo, domin waya takan mutu, layin gida kuma ba lalle ne ya yi aiki a can ba. Ma'aikacin gwamnati ya adana takardar da rasit ɗinta, za su yi masa rana sa'ad da ya dawo aka nemi bayanin yadda ya kashe kuɗin tafiya.

ABIN YA ISO GIDA

Wannan tsari ya riga ya shigo ƙasarmu. Jirgin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2016, ya yi fama da 'yan cuwa-cuwa masu saye tikiti su ɓoye su sayar da tsada a Rigasa da Idu da Kubwa, har Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet a watan Janairu na 2021. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, da aka dawo da zirga-zirga a watan Disamba na shekarar, sai aka sa sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa kafin a sayar wa mutum da tikiti. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka aza harsashin hanyar dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wadda ita ce za ta sa Bahaushe ya ƙetare iyaka a cikin tarago da fasfo ko takardar tafiya a hannu. Wanda ya koyi kama kujera daga Rigasa zuwa Idu ya riga ya yi rabin karatun da zai bukata a Jidda.

Saura abin da ya rataya a wuyan hukumomi. Malaman da ke yi wa maniyyata bita a Talata Mafara da Bakura da Maradun suna ƙoƙari wajen koyar da ɗawafi da sa'ayi da jifa. Zai yi kyau a ƙara darasi guda a kan karanta tikiti da agogon sa'a 24 da hukuncin miƙati ga wanda ke cikin jirgi, tun da yawancin alhazan nan su ne kan koma Umra daga baya da ƙafarsu. Kamfanonin da ke kai mutane Umra su riƙa faɗa wa abokan cinikinsu a rubuce irin sufurin da suka biya wa. Ma'aikatun da ke tura jami'ansu kwas, da hukumar ba da tallafin karatu, su riƙa sakin kuɗin tafiya da wuri, domin kuɗin da aka saki ana jibi tafiya tikiti mai tsada kaɗai zai saya, kuma daga baitulmalin jama'a bambancin yake fita. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, waɗanda suka ƙware da waya da kwamfuta, su zauna da iyayensu da kakanninsu masu niyyar tafiya, su duba fasfo, su kama musu kujera, su buga musu takarda, su kuma karanta musu abin da ke cikinta da Hausa har su gane.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.